Ƙananan Baburan Honda: Daga Hamamatsu Zuwa Rumfar Bakanike

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa kafin 1985 zai tuna zamanin da babur yake da asali. Ba a cewa wane ya sayi mashin a tsaya nan, sai an faɗi ko Honda ce, ko Yamaha, ko Suzuki, ko Kawasaki. Masu shi a gari ƙidayayyu ne: hedimasta, malamin gona, malamin asibiti, akawun kotu, sai ɗan kasuwar da gyaɗa ko auduga ta karɓe shi. Yara kan gane mai zuwa daga ƙarar injinsa tun kafin ya shawo kwana. Yau babur ya shiga har ƙauyen da mota ba ta taɓa takawa ba, amma waɗancan sunaye huɗu sun yi ƙaranci a jikin tankunan da muke gani. Na sha jin ana cewa zamanin kayan Japan ya wuce. Ni dai a ganina riga kawai ya sauya, kuma wanda ya bi tarihin ƙananan injunan kamfanin Honda zai ga dalilina.

Mutumin da kamfanin ke ɗauke da sunansa, Soichiro Honda, ɗan maƙeri ne. An haife shi a 1906 a wani ƙauye kusa da birnin Hamamatsu, mahaifinsa kuma yana haɗa ƙira da gyaran kekuna. Bai yi nisa a makaranta ba, tun yana saurayi ya tafi Tokyo ya zama yaron gareji. Da aka gama yaƙin duniya na biyu biranen Japan sun zama kufai, fetur sai an sha wuya, jiragen ƙasa kuwa ba masaka tsinke. A 1946 ya ci karo da ragowar wasu ƙananan injuna, kimanin 500, waɗanda sojoji suka riƙa ba wa rediyonsu wuta da su, ya saye yana ɗaura wa keke. Da suka ƙare sai ya ƙera nasa. Ya kafa kamfani a 1948, shekara guda bayan nan kuma ya haɗu da Takeo Fujisawa, wanda ya karɓi harkar kuɗi da ciniki ya bar Soichiro da abin da ya iya, wato ƙarfe.

Su biyun suka zaga Turai a ƙarshen 1956 suna duban abin da talakawan Jamus da Italiya ke hawa. Suka dawo da ƙudurin ƙera wani abu da bai yi kama da ko ɗaya daga ciki ba, abin hawan da mai kanti da manomi da matar gida za su iya da shi ko ba su san komai a harkar inji ba. Wanda suka sa a gaba cikin lissafinsu shi ne yaron shagon taliya, mai kai wa mutane abinci gida-gida da tiren kwanuka a hannu ɗaya.

A watan Agusta na 1958 Super Cub ya fito. Injinsa cc 49 ne kacal, cikin silindarsa bai wuce cikin ɗan kofin shayin Buzaye ba. Amma a dubi yadda kowane ɓangare nasa ya amsa wata buƙata ta mai hawa. An cire hannun kulochi, aka sa irin kulochin da ke kama kansa idan an ba shi wuta, giya kuma da ƙafa ake sa ta, saboda haka hannun hagu ya huta, yaron taliya ya riƙe tirensa. An mayar da tanki ƙarƙashin mazauni, aka kwantar da injin ƙasa, tsakiyar ta zama fili, mace mai siket ta hau ba sai ta ɗaga ƙafa ta ƙetara ba. Yawancin hanyoyin Japan a lokacin ba su ga kwalta ba, don haka aka ba shi taya mai inci 17, wadda ba ta faɗawa kowane rami kamar ƙananan tayoyin Besfa. Aka rufe sarƙa saboda ƙura, aka yi masa garkuwar roba a gaba saboda taɓo. Babban abin kuwa shi ne irin injin. Ƙananan babura na wancan zamani kusan duka masu ƙona baƙin mai ne tare da fetur, suna tafe suna tuƙa hayaki. Soichiro ya ƙi wannan, ya nace sai an yi irin wanda baƙin mansa ke zaune daban a ƙasan inji, mai ƙarancin ƙara da ƙarancin shan mai. An sa masa kuɗi yen 55,000. Fujisawa ya ce zai iya sayar da 30,000 a wata, a lokacin da duk kamfanonin Japan a haɗe ba su wuce sayar da kimanin 40,000 a wata ba. Bai yi cika baki ba, don a 1960 sai da aka gina masa masana'anta sukutum a Suzuka.

A Amurka ma shi ya fitar da kamfanin kunya. Sun buɗe reshe a Los Angeles a 1959 da niyyar sayar da manyan babura, sai manyan suka riƙa yoyon mai, kulochinsu na ƙonewa, saboda ba a saba da doguwar tafiya da gudu irin na titunan Amurka ba. Ɗan ƙaramin da ma'aikata ke zuwa aike da shi, shi mutane suka riƙa tsayarwa suna tambaya. Kuɗinsa wajen dala 250, alhali manyan baburan Amurka da Ingila sun haura 1,000. Ɗalibai da matan aure da ba su taɓa tunanin hawa babur ba suka saya.

Labarin da ya fi taɓa ni kuwa na 1974 ne. Kamfanin ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa baburansa na lalacewa da wuri, abokan hamayyarsa masu injin hayaki suna cinye kasuwa. Abu mai sauƙi ne a ce laifin masu hawa ne, ba sa kula da kayansu, a rufe maganar. Maimakon haka aka tura injiniyoyi biyu, Takeshi Inagaki da Einosuke Miyachi, suka zaga Tailan da Malesiya da Indonesiya da Filifin da Iran da Pakistan. Abin da suka gani ba zai ba kowane Bahaushe mamaki ba. Mutum uku ko huɗu a babur ɗaya, yaro a kan tanki, uwarsa a baya. Kayan lambu da kaji an lafta. Baƙin mai ya yi kauri ya daskare ba a juye ba. Matatar iska ta takarda ta toshe da ƙura. Ba mai kai babur wurin gyara sai ranar da ya ƙi tashi. Su kuwa mutanen ba sakaci ne ya sa su haka ba: wanda ya tara kuɗin shekaru ya sayi abin neman abinci ba zai iya ajiye shi yini guda ba, balle ya biya kuɗin sabis alhali yana tafiya lafiya.

Da suka koma gida ba su ce a koya wa talaka kula da inji ba, sai suka sake injin. A baburansu na da, sandar da ke buɗe bawul tana rufe shi a can saman inji take, sai an turo mata mai mai tsabta kullum, in ya yi datti ta cinye mazauninta. Suka sauko da ita ƙasa kusa da inda man yake kwance, suka cire sarƙar da ke juya ta suka sa haƙoran giya, wasu gajerun sanduna kuma suka riƙa kai saƙo sama. A idon injiniya wannan komawa baya ne, tsohon yayi ne, gudunsa ma bai kai na wancan ba. Suka sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar, suka ƙarfafa gangar jikin, suka tsawaita mazauni. Wannan shi ne CG125, wanda ya fara fita a Tailan a 1975. A 1976 aka fara haɗa shi a Manaus ta Brazil, har Pelé ya yi masa talla, a Pakistan kuma har gobe ana ƙera shi. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna mutunta mai saye ba. An karɓe shi a yadda yake, da talaucinsa da ƙurar hanyarsa da lodinsa, aka yi masa abin da zai jure.

Akwai wani reshe na wannan iyali da bai yi jijiya a wurinmu ba, amma ya kamata a san labarinsa, don a nan ne kamfanin ya yi tuntuɓe. A 1967 dillalansa na Amurka suka koka cewa da sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe hanya, ciniki sai ya tsaya cik. Aka ba wani injiniya, Osamu Takeuchi, aikin samo abin da za su sayar a wannan lokaci. Ya gwada mai ƙafa biyu, ya gwada har mai shida, ya tsaya a kan uku: ɗaya gaba, biyu baya, tayoyi manya masu taushi da ba a cika musu iska, inji mai cc 89 na dangin Cub. Ya fito a 1970 da sunan US90 a kan dala 595, daga baya aka koma kiransa ATC90. Kada mai karatu ya haɗa shi da adaidaita sahu. Wannan mutum ɗaya yake ɗauka, hawansa irin na babur, kuma ba don titi aka yi shi ba, na yashi ne da taɓo da ƙanƙara da duwatsu. Da farko abin wasa ne. Manoma ne suka gano yana kai su ƙarshen gona da ɗan fetur kaɗan, inda tarakta za ta sha mai ta kuma danne ƙasa, kamfanin ya bi su ya fitar da mai wurin ɗora kaya gaba da baya a 1982, wanda aka sani da Big Red.

To, amma ƙafa uku tana da mugun hali. Tayoyin baya a sanda ɗaya suke, tare suke juyawa, don haka in za a sha kwana sai mai hawa ya san yadda zai karkata jikinsa, in bai sani ba abin ya kife da shi ya danne shi. Ga shi a ido kamar keken wasan yara, iyaye suka ɗauka ba ya faɗuwa, tallace-tallace kuma suka nuna shi a matsayin abin nishaɗin iyali. Cikin shekarun 1980 ɗaruruwan mutane suka mutu a Amurka, da yawansu yara ne da ba su kai 16 ba. A 1988 gwamnatin ƙasar ta ƙulla yarjejeniya a gaban kotu da Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki da Polaris, aka daina sayar da mai ƙafa uku. Kafin nan Suzuki ya riga ya fitar da mai ƙafa huɗu a 1982, Honda ya biyo baya, a 1986 kuma ya yi wanda duk ƙafafunsa huɗu ke ja. Shi ne yau dokin makiyayan tumaki a New Zealand da tsaunukan Birtaniya. Shi ma bai rabu da kifewa ba. Da Ostareliya ta wajabta sa masa ƙarfen kariya daga Oktoban 2021, Honda da Yamaha suka ce ba su gamsu da amfanin ƙarfen ba, suka janye irin waɗannan injuna daga kasuwar ƙasar. Abin da na fahimta shi ne, a kan Cub da CG an fara da kallon mutum sannan aka zana inji, a kan mai ƙafa uku kuwa buƙatar dillali aka fara ji, aka yi nazarin yashi da ƙanƙara, ba a tsaya an tambayi wa zai hau ba sai da aka yi asarar rayuka.

Mu namu rabon mai ƙafa biyu ne, kuma ya zo da ƙarfinsa ne tare da kuɗin man fetur. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, haɗe da ariyas, ya sa ƙananan ma'aikata da yawa suka sauka daga keken Raleigh suka hau babur. Kamfanin Boulos na haɗa Suzuki a Legas, John Holt na kawo Yamaha, a 1979 kuma Honda ya kafa nasa kamfanin a Ota ta jihar Ogun. Na ga yadda ake riƙon babur a wancan lokaci. Mai shi kan goge shi da safe kafin ya fita, ya shimfiɗa wa mazauni tawul ko fatar rago, da dare a tura shi zaure ko ma ɗaki. Ba a ba da aronsa sai ga wanda aka yarda da shi ƙwarai. A kansa aka kai allurar rigakafi da irin shuka ƙauyuka, a kansa aka ɗauko ungozoma da tsakar dare. Babur ɗaya kan yi wa mutum aiki har ya yi ritaya, ɗansa ya gada.

Abu biyu suka haɗu suka raba mu da shi, kuma ba ɗayansu da ya shafi ingancinsa. A 1985 manyan ƙasashe suka yi yarjejeniyar da ta ɗaga darajar yen, dalar da ake canzawa a kan yen 240 ta koma ƙasa da 150 cikin shekara biyu, kayan Japan suka yi tsada a duk duniya. A 1986 kuma gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tattalin arzikin nan na SAP, naira da ta fi dala daraja a farkon shekarun 1980 ta fara gangarowa. Sabon babur ɗin Japan ya fi ƙarfin malamin makaranta. Aka koma na hannu, aka koma faci da ciko da kayan gyaran da 'yan kasuwar Nnewi ke shigowa da su. A daidai wannan lokaci ne kuma, da motocin haya suka yi ƙaranci, aiki ya yi wuya, acaba ta bunƙasa a biranenmu, kabu-kabu a Nijar. Babur ya tashi daga abin ado ya zama jari.

Sai na Sin suka iso da rabin kuɗi ko ƙasa da haka, na Indiya suka biyo su. A nan ne nake roƙon mai karatu ya sunkuya ya dubi injin, ya bar sunan da ke jikin tanki. Kamfanin Jialing na Sin ya haɗa kai da Honda tun 1981. Jincheng da ya cika garuruwanmu a farkon shekarun 2000 ya yi haɗin gwiwa da Suzuki, haka ma Haojue. Boxer ta Bajaj daga haɗin kai da Kawasaki ta samo asali, TVS ya yi shekaru tare da Suzuki, Hero kuma ya zauna da Honda daga 1984 har sama da shekara 25. Roba-robar da 'yan makaranta da dattawa ke hawa zanen Cub ne na 1958, da kwantaccen injinsa da garkuwarsa. Ɗimbin masu cc 125 da 150, har da injunan kekunan dakon kaya masu ƙafa uku, tsarin CG ne. Shi ya sa bakaniken da ya koyi aiki a kan Honda shekara 40 da suka wuce bai sake komawa koyo ba, kuma yaronsa da bai taɓa kwance ainihin na Japan ba yana iya kwance shi ido rufe.

Ba na cikin masu zagin kayan araha. Su ne suka sa babur a hannun ɗan ƙauyen da ko a mafarki ba zai sayi na Ota ba, da su ake kai mai naƙuda asibiti, da su ake fito da tumatir daga fadama. Amma an yi rashi, kuma a faɗe shi. An kwafi zane, ba kowa ne ya kwafi ƙarfen ba. Da yawa daga cikin na farko-farkon, shekara biyu a hannun ɗan acaba sun zama kwarangwal, fistin da ringi sun tafi, kayan gyaran kuma an raba su daraja-daraja, mai saye bai san wanne aka sa masa ba. Mun saba da cewa babur abu ne da ake ci a yar. Yawansa kuma ya zo da nasa baƙin cikin: ɗakunan masu karaya a asibitoci, sannan masu kisa da masu satar mutane da suka gane cewa abin da ke kai malamin asibiti ƙauye cikin sauri su ma zai kai su. Abuja ta hana acaba a tsakiyar birni a 2006, Maiduguri ta hana hawa babur a 2011, Kano ta hana ɗaukar fasinja a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Diffa ta bi sahu a 2015. Kowace doka da dalilinta, amma mafi yawan waɗanda suka ɗanɗana kuɗarta ba su taɓa riƙe bindiga ba.

Shi kansa kamfanin Honda bai tsaya kukan an kwaikwaye shi ba. A 2001 ya haɗa jari da Sundiro, ɗaya daga cikin kamfanonin Sin da ke yin irin kayansa, don ya koyi yadda suke rage kuɗi. A 2011 ya fitar da Ace CB125 daga Ota a kan kimanin naira 100,000, da kayan da aka yi a Sin, da dogon mazauni saboda 'yan acaba. A Oktoban 2017 aka yi biki a masana'antar Kumamoto na cikar Super Cub miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. A ƙarshen 2024 kuma aka fitar da zubin ban kwana na mai cc 50 a Japan, saboda sabuwar dokar hayaki ta Nuwamban 2025 ta fi ƙarfin ɗan injin. Masu cc 110 da 125 suna nan ana yi.

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, ana ta shigo mana da babura masu batir, gwamnatoci na raba su, 'yan kasuwa na buɗe wuraren haɗa su. Ina maraba da su. Roƙona ga masu wannan harka shi ne, kafin su yi odar kwantena ta gaba, su tura injiniyoyinsu kasuwar Dawanau ko ta Mai'aduwa ranar da take ci, su yini a bakin tasha. Su ƙirga buhun da ake ɗora wa babur ɗaya, su auna zafin watan Afrilu a kan batir, su bi hanyar ƙauye da damina, su tambayi mai shi awa nawa yake samun wuta a mako, su kuma zauna da bakaniken da za a kai wa in ya lalace, su ji da wane sifana zai kwance shi.